ISHAKU ROBERTS, MAGININ DA YA ƊAUKI HOTON GARKEN TAURARI

A cikin wannan wata za mu ba ku labarin wani mutum wanda ya yi yawancin kwanakinsa yana gina gidaje, sa'an nan da furfura ta fara fito masa ya kafa madubin hangen nesa a gidansa, ya ɗauki hoton wani abu a sararin sama wanda ba a taɓa ganin ainihin siffarsa ba. Sunansa Isaac Roberts, watau Ishaku a bakinmu, da Ishaku kuma za mu kira shi. Bai shiga jami'a ba, gwamnati kuwa ba ta ɗauke shi aikin nan ba. Da kuɗin guminsa ya yi shi. Tun da fari sai mu ce ilmin taurari da mu ke magana a kai dabam ya ke da duba irin ta masu faɗa wa mutane sa'arsu. Wannan ilmi ne na awo da lissafi, kamar awon gona.

An haife shi ran 27 ga Janairu 1829 a wani ƙauye mai suna Groes, kusa da garin Denbigh cikin ƙasar Wels, wadda ta ke yamma da Ingila. A lokacin nan Ibrahim Dabo ke sarautar Kano, Muhammadu Bello kuwa shi ne Sarkin Musulmi a Sakkwato. Ubansa, William Roberts, manomi ne. Mutanen Wels suna da harshensu dabam da Ingilishi, Ishaku kuwa bai yar da harshen iyayensa ba har mutuwarsa. Tun yana yaro suka tashi daga ƙauye suka koma Libaful, babbar tashar jiragen ruwan nan inda daga baya aka riƙa sauke gyaɗa da fatu na ƙasarmu.

A 1844, yana da shekara 15, aka ba da shi koyon sana'a na shekara 7 wurin wani kamfanin magina mai suna John Johnson da Ɗansa. Da rana yana aiki, da dare kuwa ya tafi makarantar dare ta masu sana'a. A 1855 aka ɗora shi bisa aikin kamfanin. A 1859 ya kafa nasa na kansa, bayan shekara 3 kuma J. J. Robinson ya haɗa hannu da shi. Suka yi ta samun manyan ayyuka a Libaful da kewaye, har Ishaku ya zama mai dukiya.

Amma akwai wani hali gare shi wanda ya fi dukiyar amfani ga labarinmu. Ba ya yarda da tsammani in akwai hanyar awo. Ya yi nazarin duwatsun ƙarƙashin Libaful, ya auna hawa da saukar ruwa cikin rijiya. Ya kuma yi wani gwaji wanda zai shiga kunnen kowane manomi, gama a kan rumbu ya yi shi. Masu gina manyan ɗakunan ajiyar alkama suna so su san nauyin da ƙasan rumbu ke ɗauka. Kowa ya sani in ka ƙara ruwa cikin randa, danniyar da ke gindinta ƙaruwa ta ke yi, a kan kuma zaci haka hatsi ya ke. Ishaku ya ƙera rumbunan gwaji, ya sa ma'auni a gindinsu, ya yi ta zuba alkama yana rubuta abin da ma'aunin ya nuna. Sai ya tarar da abin mamaki. Da tsayin hatsin ya kai wajen ninki biyu na faɗin rumbun, ko an ƙara zubawa nauyin da ke kan gindi ba ya ƙaruwa sai kaɗan. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin hatsi suna jingina da juna, su kuma jingina da bango, bango ya ɗauke sauran kayan. Ya buga labarin wannan a 1882 da 1884, har yau kuma masu koyon ginin rumbunan ƙarfe da na siminti su kan gamu da sunansa.

A 1878 ya kafa madubin hangen nesa mai faɗin inci 7 a gidansa na Rock Ferry, ƙetaren kogi daga Libaful. A 1882 ya ƙaura zuwa Maghull, wani ƙauye arewa da birnin, inda hayaƙi bai yi yawa ba. A nan ne, cikin 1883, ya soma gwada ɗaukar hoton taurari da gilasan kyamara irin na masu ɗaukar hoton mutane. Shekarunsa 54 a lokacin.

Domin ku gane abin da ya ke nema, sai mu koma baya kaɗan. Ban da taurari masu ƙyalli, akwai waɗansu abubuwa a sama masu kama da ɗan tabon gajimare, amma iska ba ta kora su, kowace shekara suna wurinsu. Turawa suna ce da irinsu nebula, ma'anar kalmar kuwa hazo ko gajimare. Mafi shahara cikinsu yana cikin rukunin taurarin da a ke kira Andromeda, ido ma yana iya ganinsa a dare mai duhu. Wani masanin taurari Bafarishe, Abdurrahman al-Sufi, ya rubuta labarinsa da Larabci wajen shekara ta 964, ya kwatanta shi da ɗan ƙaramin gajimare. Ilmin taurari na Larabci ya iso ƙasarmu ma. Sa'anda Bature Clapperton ya je Sakkwato a 1824 ya nuna wa Sarkin Musulmi Bello taswirar sama, ya tarar Sarkin ya san buruji duka da taurari da yawa da sunayensu na Larabci. A 1764 wani Bafaranshe mai suna Messier ya sa tabon nan na Andromeda cikin jerin da ya ke rubutawa, ya ba shi lamba 31.

To, menene waɗannan gajimarai? A nan masana suka rabu. Waɗansu suka ce hayaƙi ne mai haske, kusa da taurarin da mu ke gani. Waɗansu suka ce taurari ne da yawa ƙwarai, nisa ne ya haɗe haskensu ya zama kamar hazo, kamar yadda garken shanu daga nesa ya kan zama fari fat, ba a rarrabe saniya da saniya. Abin da ya hana a raba gardamar shi ne rashin shaida. Duk wanda ya duba ta madubi sai ya ɗauki fensir ya zana abin da ya gani cikin duhu, ga sanyi, ga gajiya. Wani basaraken Ailan, Lord Rosse, ya gina madubi mai faɗin inci 72, a 1845 kuma ya ga ɗaya daga cikin gajimaran nan a murɗe kamar guguwa, ya zana shi. Wani Ba'amurke, George Bond, ya ga baƙaƙen layuka biyu sun ratsa na Andromeda a 1847, ya zana su miƙaƙƙu. Amma in ka ajiye zanen mutum biyu na abu guda, sau da yawa sai ka ce abu biyu ne. Mai zane ya kan ƙara abin da ya ke sa rai zai gani, ba da niyyar ƙarya ba. In kuma bayan shekara 50 wani ya ga abin ya bambanta da tsohon zane, ba shi da hanyar sanin ko sama ce ta sake ko hannun mai zanen ne ya kauce.

Hoto ne maganin wannan, amma hoton zamanin farko bai iya ba. Ba a kan takarda a ke ɗauka ba, a kan allon gilashi ne wanda aka shafe da magani mai jin haske, dole kuma a yi aiki da shi tun maganin yana ɗanye. Kafin hasken tauraro ya kama, allon ya bushe. Sai bayan 1871, sa'anda wani likita Baturen Ingila, Richard Maddox, ya nuna hanyar yin busasshen allo, aka sami abin da zai jure dogon jira. A 1880 Henry Draper a Amurka ya ɗauki hoton farko na wani gajimare a rukunin Orion. A 1883 Andrew Common ya ɗauki wanda ya fi shi kyau daga lambun gidansa a gefen Landan. Ishaku ya ga inda hanya ta nufa.

Ga asirin abin. Idon mutum kamar tafin hannu ya ke a ƙarƙashin yayyafi. Ɗigon da ya sauka yanzu ya wuce, ba ya jiran na bayansa. Ko ka kwana kana duban abu maras haske, ba zai ƙara haske a idonka ba. Allon hoto kuwa kamar ƙwarya ne da aka ajiye a tsakar gida. Hasken da ya sauka a minti na fari yana nan, na biyu ya sauka a kansa, har abin da ba ya ganuwa ya taru ya fito. Da yayyafi kogi kan cika. Sai dai fa ƙwaryar ta zauna daidai ƙarƙashin ɗigon nan, kada ta gusa.

Ishaku ya aika wa Howard Grubb, gwanin ƙera madubai a Dublin, ya yi masa madubi na musamman, ya kafa shi a Maghull a 1885. Gilashi ne mai ƙwarmi kamar kasko, faɗinsa inci 20, an shafe fuskarsa da azurfa, yana zaune a gindin wani dogon bututu. Hasken da ya shiga bututun ya kan faɗa kan madubin, ya komo ya taru wuri ɗaya, wajen inci 100 daga fuskarsa. Madubi mai wannan faɗi yana tara haske fiye da ƙwayar ido sau 5,000. Yawancin masu irin wannan madubi su kan sa wani ƙarami a bakin bututun ya karkato hasken gefe inda ido zai duba. Ishaku ya ga kowane madubi yana cin rabonsa na haske, sai ya sa allon hoton kansa a daidai wurin da hasken ke taruwa.

Sauran wahala ɗaya, ita ce babba. Duniya tana juyawa, saboda haka taurari suna tafiya daga gabas zuwa yamma dukan dare. In madubi ya tsaya cik, kowane tauraro zai ja layi a kan allon. Akwai wani inji irin na agogo wanda ke juya madubin a hankali yana bin sama, amma babu agogon da ba ya kuskure, kuskuren da bai kai kaurin gashi ba kuwa ya isa ya ɓata aikin dare guda. Dabarar da Ishaku ya yi ita ce ya ɗaura tsohon madubinsa mai inci 7 a kan ƙarfe ɗaya da babban, su riƙa juyawa tare. Babban yana ɗaukar hoto, shi kuwa ya sa ido a ƙaramin, ya tsai da tauraro guda a kan mahaɗar zare biyu masu gilma juna. Da tauraron ya soma gocewa sai ya mai da shi. Haka zai zauna awa 2, ko 3, ko 4, ɗakin a buɗe ta sama, ba wuta, gama ɗumi yana sa iska rawa, fitila kuwa tana ɓata allo. A ƙasar kuma gajimare ya fi sararin sama yawa. Mutum ya iya yin awa 2 yana fama, hadari ya taso ya rufe, aikin ya tashi a banza.

A 1886 ya fara nuna hotunansa ga ƙungiyar masana taurari ta Ingila. Cikinsu akwai na taurarin nan da mu ke kira Kaza da 'Ya'yanta. Hoton ya nuna kazar da 'yan tsakinta a lulluɓe cikin wani siririn hazo mai haske, wanda ya bazu fiye da yadda aka sani. Da fari niyyarsa ita ce ya ɗauki hoton sararin arewa duka ya yi taswirar taurari. Amma a 1887 ya halarci babban taron masana a Faris, inda ƙasashe da yawa suka shirya za su raba wannan aiki tsakaninsu. Sai ya bar musu, ya mai da hankalinsa ga gajimarai da curin taurari, inda madubinsa ya fi ƙarfi. Mu a ganinmu wannan shawara ce ta sa a ke tunawa da shi yau, gama babbar taswirar nan ta ci shekaru da yawa ba ta ƙare yadda aka shirya ba.

Ya ɗauki hoton Andromeda na fari a Oktoba 1887. A 1888 ya bar sana'ar gini ɗungum. Ran 29 ga Disamba na shekarar nan, tsakiyar hunturun Ingila, yana gab da cika shekara 60, ya buɗe allonsa ga Andromeda har awa 4. A Kano zamanin Sarki Bello ke nan.

Da ya wanke allon, ga abin da ya fito. Ku ɗauki faifai irin wanda mata ke saƙawa, wanda a ke farawa daga cibiya a yi ta naɗawa har gefe. Ku riƙe shi nesa, ku karkata shi har ya kusa juya muku gefensa. Siffar ke nan. Cibiyar tana da haske ƙwarai, zobba masu haske suna kewaye da ita a murɗe, da duhu tsakaninsu. Baƙaƙen layukan nan da Bond ya zana miƙaƙƙu, ashe lanƙwasassu ne, suna bin kewayen faifan. Kusa da shi kuma ga waɗansu ƙananan gajimarai biyu, ɗaya dab da gefensa, ɗaya can nesa kaɗan. Fiye da shekara 270 ke nan mutane suna duban abin nan ta madubi, waɗansu da madubai da suka fi na Ishaku girma nesa, ba wanda ya ga tsarinsa haka. Gani ya kori ji. Aka yi ta buga hoton cikin littattafai shekara da shekaru.

Amma da aka zo fassara hoton, Ishaku ya kauce. Tun 1796 wani masanin lissafi Bafaranshe, Laplace, ya kawo shawara cewa rana da duniyoyin da ke kewaye da ita daga wani babban hayaƙi mai juyawa suka dunƙule. Da Ishaku ya ga faifan nan mai cibiya da zobba, sai ya ɗauka abin da Laplace ya kwatanta ke nan a fili: wata sabuwar rana ce ke haɗuwa a tsakiya, zobban za su zama duniyoyi, ƙananan gajimaran nan biyu kuwa sun riga sun fara zama. Kada mu yi masa dariya. Manyan masana da yawa na zamaninsa haka suka gani, suna kuwa da dalili. A Agusta 1885 wani sabon tauraro ya bayyana farat ɗaya kusa da cibiyar Andromeda, ya yi haske ƙwarai, sa'an nan ya dushe. Aka ce in abin nan yana da nisa mai tsanani, yaya tauraro guda zai yi wannan haske? Ba a sani ba tukuna cewa akwai taurarin da kan fashe, haskensu ya kai na rana dubban miliyoyi har 'yan makonni.

Abin da ya cece shi shi ne halinsa na mai awo. Ya raba abin da ya gani da abin da ya zata. Kowane allo yana da ranarsa da tsawon lokacin da aka buɗe shi a rubuce. Nufinsa shi ne waɗanda za su zo bayansa su ɗauki nasu hotuna su gwada da nasa, su ga ko wani abu ya motsa. Har ya ƙago wani inji na sassaƙa wuraren taurari daga allon gilashi zuwa kan farantin jan ƙarfe, domin gilashi yana fashewa, magani kuma yana lalacewa.

A 1890 ya gaji da hayaƙi da gajimaren Libaful, ya ƙaura kudu zuwa Crowborough cikin lardin Sussex, bisa wani tudu mai tsayin wajen ƙafa 800. Ya gina gida tare da ɗakin madubinsa, ya sa masa suna Starfield, watau filin taurari. A shekarar nan aka zaɓe shi cikin Royal Society, babbar ƙungiyar masanan Ingila. Jami'ar Dublin ta ba shi digirin girmamawa a 1892, ƙungiyar masana taurari kuma ta ba shi lambar zinariya a 1895. Ya ɗauki mataimaki, W. S. Franks, wanda ya karɓi yawancin zaman dare. Ya buga zaɓaɓɓun hotunansa cikin littafi biyu, a 1893 da 1899, cikinsu akwai waɗansu gajimarai da yawa waɗanda su ma suka fito a murɗe.

Ba za mu ɓoye ba, mutum ne mai tsayawa kan maganarsa, wani lokaci fiye da kima. Tun da daɗewa William Herschel ya rubuta wurare 52 a sama inda ya ce ya ga siririn hazo mai faɗi. Ishaku ya ɗauki hotonsu duka, ya sami hazon a wurare 4 kaɗai, ya yanke cewa sauran babu kome. Wani gwanin hoton sama a Amurka, E. E. Barnard, ya yi masa gardama, gama shi ya kama siraran hazo masu faɗi da kyamara ta wani iri. Darasin da Ishaku ya koya wa masu zane ya komo kansa: abin da allonka bai kama ba, ba lalle ne babu shi ba.

A 1896 ya shiga jirgin ruwa tare da waɗansu masana zuwa arewacin Norwe domin ganin husufin rana. Gajimare ya rufe, ba su ga kome ba. Amma a tafiyar nan ya sadu da Dorothea Klumpke, haifaffiyar San Francisco, wadda ta sami digirin dakta na lissafi a Faris a 1893, ita ce kuma shugabar ofishin auna hotunan taurari a can. Bayan rasuwar matarsa ta fari, suka yi aure a 1901. Shekara 3 kaɗai suka yi tare. Ishaku ya rasu farat ɗaya a Crowborough ran 17 ga Yuli 1904, yana da shekara 75, shekara guda bayan Turawa sun ci Kano. Ya bar dukiya domin taimakon ɗalibai a jami'o'in Libaful da Bangor da Cardiff. Madubinsa ya koma hannun gidan ajiye kayan kimiyya na Landan. Dorothea ta kwashe allunan gilashin ta kai Faransa, ta yi wajen shekara 25 tana auna su tana shirya su. A 1929, shekara 100 da haihuwar mijinta, ta fitar da littafin hotunan wuraren nan 52. Ta rasu a 1942.

Kafin ta gama wannan aiki an riga an raba gardamar Andromeda. Wata mace a Amurka, Henrietta Leavitt, ta gano a 1912 cewa akwai wani irin tauraro mai ƙara haske yana ragewa bi da bi, tsawon kwanakin da ya ke ɗauka kuwa yana nuna ainihin ƙarfin haskensa. In ka san ƙarfin fitila, ka kuma ga yadda ta dushe, ka iya lissafa nisanta. A Oktoba 1923 Edwin Hubble, yana aiki da madubi mai inci 100 a kan dutsen Wilson cikin Kalifoniya, ya sami irin tauraron nan a hoton Andromeda. Lissafi ya nuna abin yana can waje da dukan taurarin da mu ke gani. Ashe masu maganar garken shanu ne suka yi gaskiya. Garken taurari ne, abin da yanzu a ke kira galaksi, ɗan'uwan wanda ranarmu ke ciki, watau farar hanyar nan da ke ratsa sama a dare mai duhu. Taurarinsa sun kai miliyan dubu sau ɗaruruwa. Baƙaƙen layukan ƙura ce mai tare haske. Ƙananan gajimaran nan biyu da Ishaku ya zaci jariran duniyoyi ne, su ma garkuna ne, kowanne da taurarinsa masu ɗimbin yawa.

Nisan kuwa sai da tafiyar haske a ke faɗinsa. Haske yana cin mil 186,000 cikin sakan guda, daga rana zuwa nan minti 8 da 'yan kai. Hubble ya lissafa tafiyar shekara wajen 900,000 zuwa Andromeda. Shi ma ya gaza, gama a 1952 Walter Baade ya nuna taurarin awon nan iri biyu ne an gauraya su, aka ninka nisan. Awon yanzu ya nuna wajen shekara 2,500,000. Hasken da Ishaku ya tara cikin awa 4 a daren nan na Disamba ya yi wannan tsawon zamani a hanya kafin ya faɗa cikin bututunsa. An gyara fassararsa, an gyara lissafin Hubble, amma in aka ajiye hoton 1888 kusa da na yau, faifan nan ne dai, da layukansa da 'yan rakiyarsa biyu.

Yau mutane da yawa a ƙasashe dabam dabam suna yin abin da Ishaku ya yi daga bayan gidajensu, da madubin da yaro zai iya ɗauka. An daina aiki da allon gilashi. Kyamarar zamani ta kan ɗauki gajerun hotuna da yawa, na minti guda ko biyu, sa'an nan kwamfuta ta ɗora su bisa juna har hasken ya taru. In gajimare ya ɓata guda, sai a yar da shi a riƙe sauran. Ƙaramin inji kuma shi ke bin tauraro a madadin idon mutum. Abin da kuɗi ba ya saye shi ne duhu, wannan kuwa mutanen ƙauye sun fi na birni samu.

Ku da ke wajen Rimin Gado da ƙauyukan hanyar Gwarzo, kuna iya ganin abin nan da idonku. Lokacinsa shi ne kaka, tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo. Ku zaɓi daren da babu farin wata a cikin Nuwamba, tsakanin ƙarfe 9 da 10. Hasken birnin Kano yana gabas, saboda haka ku fita bayan gari ku fuskanci arewa, ku kashe tocila, ku ba idonku kamar minti 20 ya saba. Kaza da 'Ya'yanta za ta kasance ta hannun dama, ta hau rabin sama. Kusa da tsakar ka akwai taurari 4 masu kama da babban fili mai kusurwa huɗu. Ku kama na kusurwar ƙasa ta hannun dama, ku bi dama kuna gangarawa, ku wuce wani maras haske, ku iske wani mai haske mai ɗan ja. Daga nan ku gangara kuna ɗan karkata hagu, ku wuce ƙananan taurari 2. Dab da na biyun za ku ga ɗan tabo fari mai tsawo kamar ƙwayar shinkafa. Ya fi fitowa in kun ɗan kau da ido gefe. Abin da ku ke gani cibiyar faifan ce kaɗai. Dukan faifan ya kai faɗin wata 6 a jere, amma gefunansa sai a hoto.